Yatsan Da Ya Ƙi Lanƙwasa

Tun daga bakin ƙofar sashen gashin ƙashi na asibitin da take aiki Auta ta san akwai abin da ya faru, don murmushin da Mai Gilashi ya shigo da shi ya fi ƙarfin safiyar Litinin. Mutumin da ba a ƙara ganin haƙoransa ba tun ranar da gilashi ya yanke masa hannu, yau shi ne har da tsayawa yana tsokanar mai shara.

Ita kuwa ba fuskar ta tsaya kallo ba. Aikin gashi ya riga ya ɓata mata ido, kowa ya shigo hannunsa take fara dubawa. Robar nan mai tauri da aka ƙera daidai hannunsa na dama, wadda marasa lafiya ke kira takalmin hannu, tana nan ɗaure. Sai dai maɗaurin wuyan hannu ya karkace, na yatsu kuma ya yi sako-sako. Ba haka Madam, shugabar sashen, take ɗaurawa ba. Wannan ɗaurin wanda ya cire da kansa ne ya mayar da hagu.



Sun daɗe suna son juna, kuma tun farko Baba, mahaifinta, bai yi na'am ba, don ransa yana kan ɗan amininsa, mai shagon taya. Ana cikin wannan ja-in-ja gilashin wata taga ya zame wa Mai Gilashi a wurin aiki, ya datse masa jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsu. Aka yi tiyata aka ɗinke su, aka sa masa roba, aka ja masa kunne cewa ko cokali kada ya damƙa sai ɗinkin ya yi ƙwari.

Baba ya samu abin da yake nema.

"Ni ba ƙin yaron nan nake ba," in ji shi a lokacin. "Amma sana'arsa a hannunsa take. In hannun ya mutu, da me zai riƙe ki? Ranar da ya warke, ya zo mu gaisa."

Duk wanda ya san Baba ya san abin da gaisawa take nufi. Tsohon direban babbar mota ne, tafin hannunsa ya kai murfin tukunya, kuma ba ya barin kowa ya durƙusa masa. Hannu yake miƙawa, ya damƙe, ya girgiza, yana kallon cikin idon mutum. Ya sha faɗa cewa shi a musabaha yake gane namiji.

"Likita, albishirinki," in ji Mai Gilashi, yana jan kujera gaban teburinta.

"Wa ya ɗaura maka wannan?"

"Haba, ki ce goro mana tukuna."

"Na ce wa ya ɗaura maka?"

Ya sunkuyo, ya rage murya, idanunsa suna ƙyalli.

"Baba ya ce in turo magabatana ranar Asabar."

Na ɗan lokaci Auta ta manta da roba, ta manta da jijiya. Wani daɗi ya taso mata tun daga ƙafa har ka. Kalmar da ta yi ta roƙa a kan sallaya ke nan. Jiya a gidan yayarta ta kwana, daga can ta wuto aiki, shi ya sa ba ta ji komai ba.

Sai kuma daɗin ya tsaya cak.

"Ya aka yi ya ce haka?"

"Na je na gaishe shi."

"Da robar?"

Ya kau da kai.

"Ina tambayarka, da robar a hannunka ka je?"

"Ki saurare ni, don Allah. Yayanki ne ya same ni ya ce mahaifin Mai Taya ya zo gidanku, kuma Baba ya ce zai ba su amsa cikin satin nan. Me kike so in yi? In zauna ina kaɗa yatsu a cikin roba har a ɗaura miki aure da wani? Na cire ta a bakin layinku na sa a jaka. Na sa riga mai dogon hannu. Da ya miƙo hannu, na miƙa."

"Ya damƙe ka."

"Ya damƙe ni. Ni ma na damƙe shi." Har da ɗan alfahari a muryarsa. "Wallahi ban bari ya ji rauni ba. Ya daɗe bai saki ba, sai ya yi dariya ya ce, ashe ka warke, ɗan nema."

"Ka ji wani abu?"

"Ba ciwo ko kaɗan."

"Ba ciwo na tambaye ka ba. Ka ji wani abu ya yi ƙara?"

Murmushin ya ɗan ragu.

"Wani ɗan ƙas, kamar an karya tsinke. Amma ai bai yi zafi ba."

Abin da take tsoron ji ke nan. Ta sani sarai jijiyar da aka ɗinke ba ta yin kuka in za ta tsinke.

A ƙa'ida ba ta taɓa hannunsa. Tun ranar farko Madam ta raba su. "Mai so ba ya gashi," ta ce. "Ko ki tausaya masa ki bar gaɓa ta sandare, ko ki matsa masa don kina saurin zama amarya." Amma yanzu Madam tana bayan labule da wata tsohuwa mai ciwon kafaɗa, Auta kuwa ba za ta iya jira ba.

Ta shimfiɗa tawul, ta ɗora hannunsa, ta ɓalle maɗauran ɗaya bayan ɗaya.

Tun kafin ta ce ya motsa ta gani. Hannun da ke hutawa, yatsunsa kan ɗan lanƙwashe da kansu, kowanne ya fi na gabansa kaɗan. Nasa ma haka suke, ban da na tsakiya. Shi yana miƙe sambal, ya fita daga sahun 'yan uwansa.

Ta riƙe wuyan hannun, ta ɗaga shi baya a hankali. Sauran yatsun suka biyo, suka ƙara dunƙulewa. Na tsakiya bai ko gezau ba.

Ta dafe gaɓar tsakiyar yatsan da nata yatsu biyu.

"Lanƙwasa min kan. A hankali."

Ya gwada.

"Ka lanƙwasa mana."

"Ai ina yi."

Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya feso masa a goshi. Yatsan yana nan kamar ba nasa ba.

"Kumburi ne," ya ce da sauri. "Jiya ma haka ya yi. In ya huce zai dawo. Ko ba haka ba, Likita? Ki ce min haka ne."

Hawaye ne suka sauka kan tawul ɗin.

Madam ta yaye labule tana goge hannu. Kallo ɗaya ta yi wa yatsan, ta yi wa Auta, sannan ta ja kujera ta maimaita gwajin da kanta. Ta danna tafin hannun a hankali, ta tsaya kan wani ɗan ƙulli da ya taso can ƙasa.

"Ga bakin jijiyar nan, ta gudo har nan," ta ce. "Malam, me ka ɗauka da hannun nan?"

"Hannun surukinsa," in ji Auta, muryarta a dishe.

Madam ta cire tabarau ta dube shi.

"Innalillahi. Garin neman gira ka rasa ido. Mun yi makonni muna lallaɓa jijiyar nan kamar jinjiri, kai kuma ka kai ta kokawa." Ta miƙe. "Ka ci abinci yau?"

"Murna ba ta bar ni ba."

"To murnar ta yi maka rana ɗaya. Kada ka sa komai a baki. Bari in nemo likitan tiyata, in an yi sa'a yau ɗin nan za a koma ciki."

Tana fita ya kamo gefen rigar aikin Auta da hagunsa.

"A'a. Ba yau ba. Ki roƙe ta a bari sai bayan Asabar."

"Ba zai yiwu ba."

"In aka yi yau, za a naɗe ni har gwiwar hannu. Baba zai ji. Zai san na yaudare shi, zai fasa. Ki bari magabata su zo a tsayar da magana, daga nan ko gunduwa-gunduwa ne a yanka ni."

"Jijiya ba ta jiran magabata," ta ce tana shan majina. "In ta tsinke ja da baya take, tana ƙanƙancewa. Yau za a iya jawo ta a haɗa. In ka ƙara kwanaki, bakin biyu ba za su ƙara haɗuwa ba. Sai dai a yi wani babban aikin, shi ma ba tabbas."

"Yatsa ɗaya ne fa! Ina da sauran."

"Da shi kake danne ƙarfen yanka gilashi. Kai ka nuna min."

"Sai in koyi wata sana'ar."

"Kana jin abin da kake faɗa kuwa?"

"Ina ji." Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. "Tsakanin ke da yatsa, ke na zaɓa. Tun jiya na zaɓa. Me ya sa ke ba za ki zaɓe ni ba?"

Maganar ta soke ta har ƙashi. Tana son mutumin nan son da ita kanta yake ba ta tsoro, kuma ga aurensu a tafin hannunta, shiru kawai ake nema daga gare ta na 'yan kwanaki.

"In na yi shiru," ta ce, "zan shiga gidanka in tarar da yatsan nan a miƙe. Da safe a miƙe, da rana a miƙe, kullum yana nuna ni. Ni da na san abin da ya kamata a yi na ƙi faɗa. Yau kana cewa ka yafe. Ranar da ka ga abokan aikinka sun fita da gilashi a bayan mota kai kana zaune, me za ka ce?"

"Ba zan taɓa ganin laifinki ba."

"Ni zan gani."

"To a yi aikin, amma kada ki faɗa wa Baba. Ki ce wani abu ne daban."

"Ramin ƙarya ƙurarre ne. Naka ma ko kwana biyu bai yi ba."

Ya sake ta. Ya juya fuska wajen bango, kafaɗunsa suna girgiza. Ba ta taɓa ganin kukansa ba, ko ranar da jini ke tsiyaya daga hannunsa. Ta mayar masa da robar, ta ɗaure kowane maɗauri a inda ya dace, ta je ta nemi izinin Madam ta nufi gida.

Tana shiga layinsu ta hango motar Mai Taya a ƙofar gida. Ana wata ga wata.

Ta bi ta ƙofar baya. Mama tana kicin, tana ganinta ta saki ludayi ta rungume ta.

"Auta! Kin ji? Allah ya karɓi addu'armu. Ga ɗan amininsa can a falo, haƙuri Babanki yake ba shi. Ke, lafiya? Me ya samu idonki?"

A tsaye ta faɗa mata komai. Mama ta nemi kujera ta zauna.

"Wa ya sani?"

"Ni da Madam."

"To ya tsaya nan." Mama ta riƙo hannunta gam. "Ki rufa mana asiri. Ni na san wahalar da na sha kafin mutumin nan ya sauko. Ango ai ba ya zuwa neman aure, magabata ne za su zo. Wa zai ga hannunsa? In an tsayar da magana Babanki ba ya janyewa."

"Daga baya fa, Mama? In ya gane ni da ke mun sani?"

"Daga baya Allah na nan."

"Zai ce 'yarsa ta haɗa kai da saurayi an mayar da shi abin wasa. Ba zai ƙara yarda da maganata ba, shi kuma ba zai taɓa kallonsa da mutunci ba. Wane irin aure ke nan?"

"Aure ne dai! Ke yarinya ce, ba ki san yadda ake zama da maza ba. Ba kowace gaskiya ake kai musu da zafinta ba."

Auta ta zare hannunta a hankali. Ta nufi falo.

Baba yana kan kujerarsa, fuska a sake. Mai Taya yana gefe, kansa a ƙasa, makullin mota a hannu. Ba mugun mutum ba ne, abin da ya fi damunta da shi ke nan. Bai taɓa ɗaga mata murya ba, jira kawai ya iya.

"A'a, Auta, yau da wuri? Zo, zo. Yanzu nake gaya wa ɗan'uwanki cewa bakin alƙalami ya bushe. Yaron nan ya cika sharaɗi. Kai, ka ji damƙa kuwa? Na ce lallai asibitinku kun iya aiki."

Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ina son magana da kai mu biyu."

"Wannan ɗan gida ne. Faɗi."



"Bai warke ba, Baba. Cire robar ya yi a bakin layi don kada ka gani. Ɗinkin bai yi ƙwari ba. Da kuka gaisa jijiyar ta tsinke. Yanzu haka ana shirin mayar da shi tiyata."



Baba ya buɗe tafin hannunsa na dama a kan cinya, ya daɗe yana kallonsa.

"Ni na tsinka?"

"Ba ka sani ba, Baba."

"Na ce ni na tsinka?"

"A hannunka ta tsinke."

"Kuma ya tsaya yana min dariya." Muryarsa ta yi ƙasa, irin ƙasan da gidan ya fi tsoro a kan tsawa. "Ya shigo gidana, ya kalli cikin idona, ya yi min ƙarya da hannunsa. Ya sa na nakasa ɗan mutane ina yaba masa."

"Tsoron rasa ni ne ya sa shi. Ka ce sai ya warke, kuma ya ji za ka ba da amsa satin nan. Baba, don girman Allah..."

"Shi ya aiko ki?"

"Roƙona ya yi kada in faɗa."

Baba ya ɗago ya dube ta, wani irin kallo da ba ta iya fassarawa ba. Ya miƙe, ya shige ɗakinsa, ya turo ƙofa.

Mai Taya ya tashi yana juya makulli.

"Allah ya ba shi lafiya," ya ce, kuma da gaske yake. Sai da ya kai ƙofa ya waiwayo. "Ni dai ina nan. Ban fasa ba."

Daga kicin tana jin kukan Mama.

Da la'asar tana tsaye a barandar ɗakin tiyata. An sa wa Mai Gilashi rigar asibiti, an kwantar da shi kan gadon turawa, hannun yana kan matashi. Tun da ta dawo bai tambaye ta komai ba, fuskarta ta riga ta ba shi amsa.

"Kin faɗa."

"Na faɗa."

Ya rufe ido. Hawaye ya gangara ya shige kunnensa.

Ma'aikata biyu suka zo za su tura gadon. A lokacin ta ji takun da ta sani tun tana rarrafe, mai nauyi, ƙafa ɗaya tana ɗan ja. Ta juya. Baba ne, hularsa a karkace, ko maɓallin wuya bai tsaya sawa ba.

Mai Gilashi ya yunƙura zai tashi, hannun dama ya ɗago daga kan matashi.

"Ajiye shi!" Baba ya daka tsawa har ma'aikatan suka razana. "Ajiye hannun nan, kada ka kuskura."

Ya tsaya nesa da gadon, ya zuba wa yatsan ido.

"Wannan ne?"

"Shi ne, Baba," in ji Auta.

"Baba, ka yafe min," Mai Gilashi ya fara. "Wallahi ba raini ba ne..."

"Yi min shiru. Rabon laifina na ɗauka, shi ya kawo ni. Naka kuma yana nan, ban sauke maka ba." Ya ja numfashi. "Maganar Asabar babu ita. Ka aika wa iyayenka. Shi ɗan aminina ma ban ba shi ba, na ce ya dakata."

Ya juyo wajen 'yarsa.

"Ni na gama gwada mutum da hannuna. Ranar da yatsan nan ya lanƙwasa ya riƙe abin sana'arsa, ke za ki zo ki faɗa min. In bai lanƙwasa ba, shi ma ke za ki faɗa min. Na ga ko a kansa ba kya yi min ƙarya."

Aka tura gadon. Mai Gilashi ya ɗago kai yana nemanta da ido, fuskarsa ta ɗan yi haske, don shi ƙofa ya ji an bar masa a buɗe.

Ta yi masa murmushi har ƙyauren ya rufe.

Sannan ta jingina da bango. Shi bai sani ba, Baba ma bai sani ba, amma ita ta ga ɗinki na biyu a hannuwa da yawa. Ta ga waɗanda suka tashi, ta kuma ga waɗanda tabo ya manne jijiyar, aka yi wata da watanni ana gashi yatsa yana miƙe.

Baba ya zauna kan benci, ya matsa mata wuri.

"Auta, zai lanƙwasa ko?"

Ta buɗe baki, ta nemi kalma mai sanyi da za ta ba shi, ta rasa.

"Ban sani ba, Baba."